Ɓarawon Lamba Tara

Motar ba ta gama tsayawa ba Greta Lindqvist ta diro, ta nufi saurayin da ke kafa tanti a wuri mai lamba tara, a bakin tafkin Merrow.

"Bawan Allah, kwashe tsummanka. Wurinmu ne."

Saurayin ya ɗago da guduma a hannu, ya kalle ta sama da ƙasa. Sunansa Teo Barragan, kuma ko a gidansu an san bakinsa bai da birki.

"Wurinku? Gadonsa kuka ci?"

Kusan haka ne ma. Tun Greta na goye iyayenta ke baro garinsu Spokane duk watan Yuli su kafa tanti a nan. Akwai wani faffaɗan dutse da ya miƙe cikin ruwa, a kansa mahaifiyarta Ingrid ke shan kofi kowace safiya har shekarar da ta rasu. Bana sai aka mayar da kama wuri ta intanet tun watan Janairu. Mahaifinta, mai suna Arne, mutumin da ya tsani kwamfuta kamar ciwon haƙori, ko labari bai ji ba. Ƙarshenta dai kusa da banɗaki da bola aka ba su.

Kai, an yi sati ana yaƙi! Mahaifiyar Teo ta aiko da kwanon nama da dafaffiyar masara, Arne ya mayar ko buɗewa bai yi ba. Dangin Barragan kuwa sun cika fili da kiɗa da hayaƙin gashi, sun shanya jiƙaƙƙun wanduna a kan dutsen Ingrid.

Wata safiya Greta ta kasa daurewa. Ta je ta tattara wandunan ta watsa cikin tafki.

"Ke! Lafiyarki ƙalau?" in ji Teo.

"Kan dutsen uwata kuke shanya ƙazantarku! A nan take zama. Ta mutu, ka ji daɗi?"

Teo ya shiga ruwan mai sanyin ƙanƙara da kayansa, ya tsamo wandunan. Washegari ta tarar an share dutsen tas, an ajiye kofi mai zafi a kai. Abin ya ƙara ba ta haushi, don ta so ya zama mutumin banza. Ta shanye kofin, ta karɓi lambar wayarsa, wai don ta riƙa zaginsa daga nesa.

Zagin ya daɗe bai ƙare ba.

"Ɓarawon fili, ka ci abinci?"

"Na ci, masifaffiyata. Amma ba ya daɗi in ba a yi min faɗa ba."

Kafin kaka ta wuce, Teo ya san hanyar Spokane kamar ta gidansu. Ranar da Greta ta faɗa wa mahaifinta aure suke so, Arne ya buga tebur har cokula suka yi tsalle.

"Duk samarin duniya ki rasa sai wanda ya kore ni bakin masai? Ga Brent nan!"

Brent ɗan amininsa ne, mai jirgin ruwa mai inji, wanda hirarsa ba ta wuce ƙarfin injin.

"Baba, to ka aure shi kai, ku yi ta zagaya tafki."

Da Janairu ya zo, Teo ya yi mata alkawarin danginsa ba za su sauka a lamba tara ba. Ranar da aka buɗe kama wuri ta zauna gaban kwamfuta tun da sassafe. Tana dannawa aka ce an riga ta. Brent, wanda ya san mai kula da sansanin tantunan, shi ya kawo labari har gida yana murmushi: sunan Barragan ne a kai.

Nan take ta rubuta wa Teo:

"Maƙaryaci. Na tsaya maka a gaban ubana, ka kunyata ni. Kar ka sake nemana."

Ta toshe lambarsa. Da yamma sai ga shi a ƙofar gida, dusar ƙanƙara har gwiwa, shi ma ransa a ɓace.

"Ko tambayata ba za ki yi ba? Mutane nawa ke rububin wurin nan, ke kaɗai da tsohuwar kwamfutarki za ki samu? Na tara 'yan uwana kaf, kowa da wayarsa, muka danna tare. Babanki na kama wa wurin!"

Greta ta rasa inda za ta sa kanta. Amma Arne na tsaye a bayanta, fuskarsa ta yi jawur.

"Sadaka za ka ba ni? Wurin matata za ka miƙo min kamar tsohon da ya kasa? Na rantse ba zan taka lamba tara ba muddin sunanku na kai. Fita min daga gida!"

A nan ne fushin Greta ya juya, ya sauka inda ya dace.

"Baba, ya isa! Ba Teo ya ɗauke Mama ba. Kana neman wanda za ka yi fushi da shi ne, ka samu marar laifi. Zan aure shi a watan Yuli, a kan dutsen nan. Ina so kai ka kama hannuna ka kai ni. In ba ka zo ba, zan tsaya ina jira."

Wata biyar uba da 'ya suna gaisuwar maƙwabta. Greta ta rame, don ba auren take shakka ba, tsoronta kar ta yi shi ba uba.

Ranar biki tafkin ya kwanta luf, hoton duwatsu ya fito a cikinsa. Dangin Barragan sun jera kujeru, Teo na kan dutse yana ta gyara wuyan riga. Arne ya zo, da tsohuwar kwat ɗinsa ta coci, amma ya coge daidai turken da aka rubuta tara a jiki. Ko taku ɗaya bai ƙara ba.

Greta ta tsaya kusa da shi cikin farar riga. Mai kiɗa ya kai ƙarshen waƙa, ya sake farowa. Fasto ya duba agogo. Ba ta motsa ba.

"Ki wuce mana, mutane na kallo," in ji Arne ƙasa-ƙasa.

"Su kalla. Taurin kan nan a wurinka na gada."

"Na riga na rantse, Greta."

Teo ya sauko daga dutsen. Ya zo ya zare katin sunan mai wuri da ke maƙale a turken, ya miƙa wa tsohon. Tun watan Maris ya je ofishin sansanin ya sa aka canza sunan, bai faɗa wa kowa ba. Arne ya nisantar da katin daga idonsa ya karanta: Ingrid Lindqvist.

Ya daɗe yana kallo.

"Wannan yaro ɗan rainin hankali ne," ya ce. Sai ya kama hannun 'yarsa ya taka.

A kan dutsen ya ɗora hannunta cikin na Teo, ya haɗa ya matse.

"Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya. Ka riƙe min ita, ta fi ni masifa." Ya share ido da bayan hannu, ya harari ango. "Kuma in na sake ganin wando a kan dutsen nan, da kai zan haɗa in jefa ruwa."