Tayar Baya ta Hagu

Rana ta yi ja tana shirin faɗuwa lokacin da Auta ta shigo gida da a-kori-kurar, hayaƙi na tashi daga tayar baya ta hagu. Umma na baranda tana ninke wanki. Ƙauri ta fara shaƙa kafin ta ɗaga kai.

Motar nan ita Abba ya bar musu, ita da gida mai ɗaki uku da ya yi musu yawa. Wata bakwai ke nan da rasuwarsa. Yayyen Auta duk sun yi aure sun yi nisa, sai dai waya. Auta mai shekara ashirin, wadda shi ya koya mata tuƙi, ita ta karɓi sitiyari tana kai wa shaguna ƙwai. Da birkin ya fara kuka, Umma ta ce ba garejin bakin titi ba, a kai ta kamfanin da ya sayar da ita. Kwana biyu ta yi a can, aka dawo da ita da sabbin takalman birki a baya, an wanke ta tana ƙyalli.

"Umma, ja take yi, kamar wani ya rungume tayar," in ji Auta. "Na koma wajensu. Kin san me mai farar rigar ya ce?" Ta kumbura kumatu, ta mayar da muryarta ta hanci. "'Hajiya, haka sabon birki yake, sai ya zauna. Ki ba shi sati.' Sati fa! Kafin ya zauna mun ƙone."

Umma ta yi dariya, don Auta ba wanda ba ta kwaikwayo, daga mai shara har likitan asibiti. Dariyar ba ta gama sauka ba tsakuwa ta faɗo a kan kwanon rufi. Ta gangara a hankali, ta tsaya. Wata ta biyo. Suka leƙa bayan katanga, ba kowa, sai titi da ya yi fayau da kiran sallar magariba daga nesa.

Da Umma ta idar da salla ta tarar da Auta tsugune a gefen tayar, ta manna kunnenta a jikin ƙarfe. Sai ta buɗe baki, muryar Abba ta fito, da kaurinta da ɗan tarin nan da yake yi kafin magana.

"Maman yara, buɗe ƙofa."

"Auta, bari. Wannan ba abin wasa ba ne."

Auta ba ta taɓa kwaikwayon mahaifinta ba tun ranar da aka fita da shi. Kuma idanunta a buɗe suke, amma ba ta cikinsu. Umma ta je ta zare sakatar ƙofar gida, ta tsaya riƙe da ita. Iska kawai ta shigo. Bayan isha Auta ta farka tana tambayar wa ya zuba mata ƙasa a gwiwa.

Washegari motar ta ƙi motsi gaba ɗaya. Da la'asar sakaliya Baba Bakanike, maƙwabcinsu, ya rufe garejinsa ya zo da akwatin sifanu. Ya ɗaga bayan motar da jak. Tayar dama ta juya sumul, ta hagu kamar an gina ta. Ya sassauta wayar birkin hannu har ta yi lako-lako, bai ga canji ba. Ya kwance ɗan notin da ake fitar da iska, ko man birki ne ya maƙale, ɗigo biyu suka zubo, tayar na nan daram. Ya cire ta, ya rage kwanon birkin, wannan ƙarfe mai kama da tukunya da takalman ke ciki. Shi ma ya ƙi fita.

"Sun ɗaure shi da yawa ne, 'yan farar riga," ya ce. "Bari in girgiza shi, sannan in sassauta ta baya."

Ya buga kwanon da guduma sau uku. Daga ciki aka amsa masa sau uku.

Baba Bakanike ya dubi gudumarsa. Ya sake bugawa sau ɗaya. Aka amsa sau ɗaya, a natse, kamar mai ladabi. Ya miƙe ya karkaɗe wando, ya ce ya tuna ya bar abu a kan wuta, ya fita ya bar jak ɗinsa da takalminsa ɗaya.

Kwana huɗu abin na tafiya haka. Rana na faɗuwa tsakuwa ta fara, Auta ta tsuguna, muryar ta zo. Umma ta san inda gidan Malam mai ruƙiya yake, titi biyu ne tsakani. Ba ta je ba. Sai ma ta riƙa gama aikinta da wuri, ta fito da kujera ta ajiye kusa da motar. Muryar takan roƙi a buɗe ƙofa, wani lokaci kuma ta yi mitar tsadar taya, ko ta yi ɗan gunagunin da Abba yake yi in an sha gabansa a hanya. Umma takan rufe ido ta saurara. A rana ta biyar ta ga Auta ta kasa ɗaga kofin ruwa da hannu ɗaya, leɓɓanta sun tsage, wuyanta ya zama siriri. Ta yafa mayafi, ta nufi gidan Malam.

Malam dattijo ne marar yawan magana. Ya zo ana gab da magariba, Baba Bakanike na biye da shi daga nesa, wai ya zo ɗaukar takalminsa. Malam ya shimfiɗa darduma a gaban Auta, ya fara karatu a hankali. Gidan ya yi tsit. Inuwar katanga ta rufe motar. Can Auta ta sandare, ta yi ƙara, aka ce da muryar Abba, "Maman yara..."

"Ajiye muryar da ba taki ba," in ji Malam. "Wace ce ke?"

Muryar da ta fito ta tsohuwa ce, siririya, mai tsiwa. "To, sassauta karatun mana, ƙona ni kake yi. Ni ba baƙuwa ba ce. Shekara goma sha ɗaya muna zaune a kwanon nan, ni da maigidana. Mai motar bai taɓa damun mu ba. Akwai ɗan rami a bayan kwanon, inda ake zura sukundireba, robar da ke rufe shi ta faɗi tun tuni. Nan ce ƙofarmu. Na fita na je ganin 'yar'uwata, na dawo na tarar an toshe da sabuwar roba, shi yana ciki yana barci."

"Roba ce ta gagare ku?"

"Ba roba ba. Wanda ya sa ta ne ya yi bisimilla. Duk kamfanin nan shi kaɗai ne mai tsoron Allah, kuma shi ya faɗo mana. Ka fi ni sanin ba ma buɗe abin da aka rufe da sunan Allah. Maigida na ciki yana tura takalman da ƙafa, yana neman hanya."

"Ai akwai tazara duk kewayen kwanon," in ji Baba Bakanike daga bayan ƙofa.

"Kai ta taga kake shiga gidanka? Matsoraci. Saura ƙiris ka buɗe, sakaran mijin nan nawa ya gaishe ka, ka zubar da takalmi."

Malam bai yi murmushi ba. "Me ya kai ki jikin yarinya?"

"Na yi magana da muryata, ba wanda ya ji. Na yi jifa, suka leƙa bayan katanga suka koma. Da na ari muryar mai motar, ga ta nan, har kujera ta fito da ita." Kan Auta ya juya wajen Umma. "Mu yi ciniki, 'yar'uwa. Ki buɗe mana, ki bar mu a gidanmu. Ni kuma kullum da magariba in ari harshen yarinyar na ɗan lokaci kaɗan, in ba ki muryar mijinki. Shekara goma sha ɗaya nake jin sa. Akwai maganganun da ya yi a kanki shi kaɗai a hanya, waɗanda ba ki taɓa ji ba."

Malam ya dubi Umma. Ta daɗe a tsaye, hannunta na murza bakin mayafi. Duhu ya fara cin fuskokinsu.

"Me ya..." Ta tsaya. Ta dubi siririn wuyan Auta da tsagaggun leɓɓanta. "A'a. Ki tafi da su. Ki ba ni 'yata."

Aka yi yarjejeniya. Za ta fita daga yarinyar tukuna, sannan a buɗe, su koma filin da ake jibge matattun motoci, kada su sake waiwayar gidan. Tsohuwar ta yi ta mita, wai motocin yanzu birkin faifai gare su, ko ɗaki ɗaya babu. Malam ya ɗaga murya da karatu, ta rantse sau uku. Auta ta yi atishawa, ta sulale a jikin mahaifiyarta.

Baba Bakanike ya ƙi kusantar motar, sai dai ya nuna wurin da yatsa. Umma ce ta kwanta a ƙasa, ta lalubo robar, ta ɓamɓare ta da farce. Wata iska mai ɗumi ta shafi hannunta. Kwanon ya saki, ya juya da kansa rabin zagaye, ya tsaya.

Sai suka ji su a bakin ƙofa, muryoyi biyu ƙanana suna fita titi.

"Kwana bakwai! Ina kika tsaya?"

"Da ka tashi lokacin da na tashe ka, da ba haka ba."

"Kin zo min da wani abu? Yunwa nake ji."

"Ji shi. Ko sannu."

Malam ya naɗe dardumarsa. Auta na barci, numfashinta ya daidaita. Umma ta zauna a ƙasa da maiƙo a hannunta, ta karkata kai tana bin faɗan tsofaffin nan biyu da kunne, har suka sha kwana.