Hannun Da Na Yanke

"Kada ki yanke, Zuciyata... don girman Allah kada ki yanke."

Yana kwance kan teburin tiyata a cikin tanti, hannunsa na dama ya dagargaje tun daga gwiwa har yatsu.

Ni da shi likitocin tiyata ne, kuma an sa mana rana. Tare muka shiga tawagar likitocin sa-kai zuwa ƙasar da girgizar ƙasa ta ruguza. Da safen ranar ya kutsa ƙarƙashin wani gini don ya sa wa wata mata ƙarin ruwa, sai bango ya rufto masa. Ba a zaro shi ba sai da yamma.

Shugaban tawagarmu yana wani sansani, hanya kuma ta tsage. Ni kaɗai ce likitar tiyata da ta rage.

"Likitana, naman ya mutu," na ce. "Gubar ta fara taɓa ƙodarka."

"Ki jira shugaba..."

"Ba za ka kai ba."

"To ki bar ni in tafi da hannuna. Me zan yi a duniya ba shi?"

Na shafa goshinsa. Ƙasa ce duk a gashinsa.

"Ka yafe mini."

Na ɗaga kai na ce wa mai allurar barci ya fara. Idonsa na kaina har ya rufe.

Na yanke.

Ya rayu. Amma tun da ya farfaɗo bai ce mini uffan ba, har jirgi ya sauke mu gida.

Akwai wata ma'aikaciyar jinya a tawagarmu, 'yar ƙanwar mahaifiyarsa, wadda ta daɗe tana sonsa. Ita ta miƙo mini wuƙar da hannunta. Ita ce kuma ta zauna gaban mahaifiyarsa tana share hawaye, wai gaggawa na yi, da na ɗan jira da an ceci hannun.

Ranar da na je duba shi, a bakin ƙofa Hajiya mahaifiyarsa ta tare ni.

"Me kika zo ɗauka kuma? Ɗayan?"

"Mama, ki bar ni in gan shi..."

"Ni ba uwarki ba ce. Ki je, Allah ya isa."

A gidanmu ma ba sauƙi. Babana ya ce tunda ba sa so, shi ba zai kai 'yarsa inda za a riƙa yi mata kallon mahauciya ba. Aka mayar da kayan sa rana.

Na rame har zobe yana zamewa daga yatsana.

Wata rana na fito daga ɗakin tiyata, sai na gan shi zaune kan bencin jiran marasa lafiya, an naɗe hannun rigarsa na dama an maƙale da fil.

"Likitana..." Na zauna a gefensa. "Wallahi ban yi gaggawa ba."

"Na sani."

"Ka sani?"

"Ni ma likita ne. Da ni ne da wuƙar, da tuni na yanke. Na faɗa wa Hajiya, ita ma waccan 'yar ƙanwar tata na kore ta."

Na kamo hannunsa na hagu.

"To mu koma wurin Baba..."

A hankali ya zame shi.

"Na gwada, Zuciyata. Allah ya sani na gwada. Amma duk lokacin da na tuna fuskarki, sai in gan ta a saman teburin nan. Sai yatsun da babu su kama ciwo."

"Zai wuce..."

"In bai wuce ba fa? In aure ki, in riƙa juya miki baya kan laifin da ba ki yi ba?"

Na mayar da hannuna kan cinyata.

"Kin ba ni rai. Na zo ne in ce na gode, don ban faɗa ba."

Ya miƙe, ya ɗan karkace kafin ya daidaita, har yanzu jikinsa bai saba ba.

Ban bi shi ba. Aka leƙo daga ɗakin tiyata aka ce mara lafiya na gaba ya shirya.

Na je na wanke hannuwana, na daɗe ina wankewa.