Kujerun Bayan Kachala

Ummussalma ce ta matsa a tafi. Mijinta Abdulrahman ya yi shekara goma sha ɗaya yana gyaran injinan casar shinkafa a Haɗejia, bai taɓa hutun kwana biyu a jere ba, har likita ya auna jininsa ya ce in bai huta ba wata rana a bakin inji zai faɗi. Sai ta ji labarin wani sabon masaukin shaƙatawa a bakin kogi, ta hanyar Kirikasamma, mai ɗakunan ciyawa da farin yashi da aka share aka jera wa kujerun kwanciya. Suka bar 'yarsu Zara a wurin kakarta, suka tafi ranar Alhamis.

Kwana biyun farko sun yi daɗi. Suka ci gasasshen karfasa, suka kalli agwagin ruwa, kirinjijiya, suna sauka garke-garke a fadama. Abdulrahman ya jefa fatsa karon farko a rayuwarsa, ya kamo wata 'yar tarwaɗa da ba ta kai tsawon yatsa ba, ya yi dariya har da riƙe ciki. Mala, dattijon da ke kula da kwale-kwalen masaukin, ya koya musu riƙon filafili da yadda ake juya jirgi. Ummussalma ta fi mijinta saurin ganewa.

Ranar Asabar bayan la'asar Abdulrahman ya ce su fita su biyu kawai. Mala bai so ba. Da ya ga ba za su fasa ba, ya ce su bi gefen gaɓa, kada su shiga cikin kachala, doguwar ciyawar ruwan nan da ta cinye rabin kogin, kuma su juyo tun rana ba ta yi ja ba.

Ba su shiga da gangan ba. Hira suke yi kan makarantar da za a sa Zara, ruwa yana jan su a hankali, har ciyawa ta rufe su hagu da dama. Ummussalma ta waiga, ba ta ga ta inda suka shigo ba. Rana ta yi ja. Kwaɗin da suka cika wurin da kuka suka yi tsit lokaci guda.

Sai wani wari ya taso, na kifin da ya kwana a rana, gauraye da ƙamshin turaren wuta.

Ciyawar ta buɗe. Ga farin yashi shimfiɗe a gabansu, ga rumfunan ciyawa, ga kujerun kwanciya a jere. Abdulrahman ya ce alhamdu lillahi, ashe zagayowa suka yi. Ummussalma ta ƙara dubawa da kyau. Babu ɗakuna a bayan rumfunan, babu ƙarar janareta, babu Mala. Kuma a masaukinsu baƙi ba su wuce shida ba. Nan kujeru sun fi arba'in, kusan kowacce da mutum a kwance, ya ba kogi baya.

Ba mai motsi. Ruwa yana ɗiga daga ƙarƙashin kujerun, ɗis, ɗis.

Gaban jirgin ya taɓa yashi.

"Baban Zara, mu juya," ta faɗa ƙasa-ƙasa.

Bai ko dube ta ba. Idonsa yana kan wasu kujeru biyu a ƙarshen layi, waɗanda babu kowa a kai. Wata murya ta mace ta zo, ba daga yashin ba, daga ƙarƙashin jirgin.

"Ku sauko ku huta."

Abdulrahman ya ajiye filafili. Ya ce, "Salma, na gaji." Ya zura ƙafa ɗaya waje, yashin ya karɓe ta har idon sawu.

Ta cafki bayan rigarsa.

Na kan kujerun suka juyo da kawunansu, jikinsu bai motsa ba. Fuskokin fari fat, a kumbure. Idanun a buɗe kamar na kifi, babu ƙiftawa. Ta ga wani da kakin masu gadin masaukin. Ta ga wata da lalle a hannu, sabo.

Ta buɗe baki za ta karanta Ayatul Kursiyyu, harshenta ya yi nauyi. Bismillah kawai ta fito.

Ta ja da duk ƙarfinta. Rigar ta yage. Ta kama wuyansa, ta faɗa baya da shi cikin jirgin, takalminsa ya zauna a yashin.

Ta dafa filafili a gaɓa ta tura.

Wani abu yana shafa ƙasan jirgin daga cikin ruwa, a hankali, kamar tafin hannu.

Ta tuƙa. Ciyawa tana yankar fuskarta. Ba ta waiga ba.

Kiran sallar magariba ta fara ji daga wani ƙauye, sannan hasken tocila, sannan muryar Mala yana kiran ta, Hajiya, Hajiya. Da ya haska fuskar Abdulrahman, ya dubi ƙafarsa marar takalmi, sai ya tambaye ta ko ya taka ƙasa. Ta ce da ƙafa ɗaya ce kawai. Dattijon ya yi salati, ya jagorance su har suka iso gaɓa.

Abdulrahman ya dawo gida, amma bai sake taɓa sifana ba. Kwanciya yake yi a tsakar gida, fuskarsa a bango, idonsa a buɗe. An kai shi asibiti har Kano, aka ce jininsa ma ya sauka, ba a ga komai ba. Malamai uku suka yi masa ruƙiya. Ƙafar nan ta dama kullum a jiƙe take, a sanyaye, fatar ta yi fari ta tattare, kuma kowace safiya Ummussalma sai ta share farin yashi daga ƙarƙashin tabarmarsa. Zara ta daina zuwa kusa da shi. Masaukin ya rufe kafin damina ta zagayo, masunta kuma suka ce su ba su san wani yashi a cikin kachalar nan ba.

Yanzu shekara biyu ke nan. Ita ke ɗinki, ita ke girki, ita ke juya shi ta yi masa wanka, ita ke ba shi abinci a baki. Ta rame har zobenta yana zamewa. Ranar Talatar da ta wuce, tana goge masa ƙafa, ya juyo ya dube ta, karon farko tun dawowarsu. Muryarsa lafiya lau, irin ta da.

"Salma, kin gaji. Kujerarki tana nan, ba wanda ya hau."

Tun ranar ta kai Zara Guri, gidan yayar ita Ummussalma, ta ce kada a dawo da ita ko da ita ce da kanta ta je ta roƙa.