Tonka da Igiyar Ruwan Inji

"Tonka Vitalic daga tsibirin Vis! Ina 'yar masunta? Fito ki nuna mana yadda ake taka ruwa!"

Sunana ne ya fito ta lasifika, da tsakar rana, a can saman jirgin ruwan yawon shaƙatawa, gaban mutum ya fi ɗari.

Zrinka ce riƙe da makirufo, tana wani murmushi da ya fi zagi ciwo. Ita ce mai gabatar da wasanni a jirgin, kuma shekara biyu ke nan tana bin masoyina Frane kamar jela. Ta san sarai ban iya iyo ba. Ni na faɗa mata da bakina jiya, ina zaton hirar arziki muke yi. Wauta dai ba ta da magani.

Mama ta damƙe hannuna.

"Zauna."

"Ai ban tashi ba, Mama."

"Na ga ƙafarki na motsi. Zauna na ce!"

Ina shekara bakwai teku ta ci Babana. Kwale-kwalensa ya dawo garinmu Komiza babu shi. A garinmu kowace shekara, ranar Waliyyi Nikola, ana ƙona tsohon kwale-kwale a ƙofar coci don neman tsari ga masu fita teku. A shekarar nan na Baba aka ƙona. Mama ta tsaya gaban wutar cikin baƙaƙen kaya ta rantse: 'yarta ba za ta shiga ruwa ba, ba kuma za ta auri mai cin abinci a ruwa ba. Shekara goma sha tara ke nan. Yara 'yan shekara uku na tsalle daga kan duwatsu, ni 'yar tsibiri guda ina gadin takalmansu.

Maganar jirgi kuwa, Gwaggo Jerka ce, yayar Mama, ta dawo daga Amurka ta kafe sai ta yi bikin cika shekara saba'in a kan ruwa. Mama ta yarda da sharaɗin a ba ta ɗaki marar taga. Ni aka bar wa zaɓen jirgi, na kuwa zaɓi wanda Frane ke aiki a ciki, ban ji kunyar kowa ba.

Frane ɗan unguwarmu ne. Shi ke koya wa fasinjoji hawan igiyar ruwan inji: ruwa ne ke fesowa da gudu ya haura wani gangare mai laushi kamar katifa, mutum ya tsaya a kan ɗan allo ya ga ko zai daɗe. Wata takwas da suka wuce ya je neman aurena, Mama ta rufe masa ƙofa tun bai gama gaisuwa ba. Daga ranar ya ɗauke ƙafa. Kuma ina son shi, son da ya hana ni sakat.

"Ko 'yar masuntan tsoron ruwa take yi ne?" Zrinka ta ƙara, mutane suka yi dariya.

Na zare hannuna daga na Mama.

"Tonka! In kika taka wurin nan..."

"Ki yi haƙuri, Mama."

Na cire takalma na bar su a gabanta. Ko kayan wanka ban taɓa mallaka ba, da rigata da gajeren wandona na tafi.

Frane ya tare ni a bakin matakala, fuskarsa ta yi fari fat.

"Koma, Tonka. Zan ce kuskuren suna aka yi."

"Ba a yi kuskure ba. Sunana ne."

"Ba ki iya iyo ba..."

"Ruwan da ko idon sawuna bai rufe ba? Kwana uku ina kallon tsofaffin Jamusawa suna faɗuwa suna tashi, ba wanda aka yi wa jana'iza."

"Mamanki na kallo."

"Don ita na fito. Da kai."

"Ni me na yi?"

"Au, tambaya ma kake? Sau ɗaya aka rufe maka ƙofa ka arce! Ka turo mini saƙo wai ba ka son ka mayar da ni mai jiran gawa a bakin gaɓa. Wa ya aike ka? Ita ta yanke mini hukunci, kai ka yanke mini hukunci, ni kuma fa? Kujera ce?"

"Zuciyata..."

"Kar ka ce mini zuciyata! Ba ni allon."

Ya dube ni, idonsa ya kawo ruwa.

"To ki kwanta a kai rub da ciki, haka sababbi ke farawa."

"A tsaye zan hau."

"Kai, Tonka! Taurin kan nan..."

"Gado ne."

Ya riƙe hannayena biyu, na ɗora ƙafa. Ruwan ya bugi allon, sanyi ya ratsa ni har ƙwaƙwalwa, ƙarar injin ta cika mini kunne. Ƙarya nake in na ce ban ji tsoro ba. Amma wani daɗi ya taso mini wanda ban san sunansa ba.

"Sake ni."

"Ba yanzu ba."

"Frane, sake ni!"

Ya saki.

Na tsaya ni kaɗai. Ɗaya... biyu... uku... huɗu...

Sai allon ya zame, sama ta koma ƙasa, ruwan ya sure ni ya haura da ni ya jefar a can saman gangaren. Na sha ruwa ta hanci, na tashi zaune ina tari ina dariya.

Ihun da na ji ne ya yanke mini dariyar.

"Tonkaaa!"

Mama ce. Ta tsallake shingen, mace mai shekara sittin da ɗaya, da baƙar rigarta da takalmi da jaka a hammata, ta afka cikin ruwan ta inda ya fi ƙarfi. Ita ba inji ta gani ba. Ruwa ta gani ya ɗauke nata, karo na biyu.

Taku ɗaya ta yi ruwan ya kwashe ta.

Frane ya daki maɓallin kashe injin, ya yi tsalle ya tare kanta da ƙirjinsa kafin ta bugi bango. Ko kallonsa ba ta yi ba. Ta rarrafo ta cafki gashina, yadda masuntan garinmu ke ciro wanda ya nutse, ta shiga ja da iya ƙarfinta.

"Na riƙe ki! Na riƙe ki, 'yata!"

"Mama, gashina! Wayyo, Mama, ai a zaune nake!"

Ta tsaya. Ta dubi ruwan da ke tsiyayewa ta ƙarƙashinmu, ko tafin hannu bai kai ba. Babu mai dariya.

"Na karya rantsuwata," ta faɗa a hankali.

"Ke kika yi ta, Mama. Ni na ɗauke ta shekara goma sha tara. Na gaji."

Ta rushe da kuka, na rungume ta, ni ma na bi ta. Da ta nutsu sai ta juya ga Frane, wanda ke durƙushe yana riƙe da jakarta tana zubar da ruwa.

"Kai ka kashe abin?"

"Ni ne, Inna Nevenka."

"Ka makara."

"Ku gafarce ni."

"Wata nawa kake yi a ruwa?"

"Bakwai."

"Ubanta awa bakwai ya ce mini zai yi, bai dawo ba."

Frane ya sunkuyar da kai. Na ga alamar zai sake ja da baya, na riga shi.

"Mama, ko kin yarda ko ba ki yarda ba, shi zan jira. Na dai fi so in jira shi kina gefena."

"Kai kuma ba ka da baki ne?" ta daka masa tsawa.

Ya ɗago.

"Ina son ta, Inna. Na gudu sau ɗaya, ba zan ƙara ba. Ko kun rufe ƙofa, a dokin ƙofar za ku same ni."

Mama ta matse gefen rigarta, ta daɗe tana matsewa.

"Ka koya mata iyo. A teku, ba a wannan bahon wankin ba. Ranar da ta yi iyo har hasumiyar fitilar jiragen ruwa ta dawo gaɓa da kanta, ka turo uwarka."

Kafin in ce uffan, sai ga muryar Gwaggo Jerka a lasifika. Ashe ta fizge makirufon daga hannun Zrinka.

"'Yan mata, mun gode da gayya! Ki bar mana adireshinki, za mu aiko miki da katin biki!"

Wurin ya kaure da tafi. Zrinka ta juya ta shige ciki, ko waiwaye babu.

Frane ya miƙo mini tawul.

"Zo ki goge jiki, ruhina."

"Ajiye shi. Kunna injin."

"Yanzu?"

"Huɗu kawai na ƙirga. Goma nake so."

Mama ta koma kujerar gaba ta zauna a jiƙe, ta ƙi karɓar tawul daga hannun kowa. Ruwan ya sake tasowa, na ɗora ƙafa, Frane ya saki hannuna tun ban roƙa ba. Allon ya fara rawa. Sai na ji muryarta ta keto ƙarar injin.

"Lanƙwasa gwiwa, ke! Ubanki bai taɓa tsayawa a kwale-kwale kamar sanda ba!"

Rabona da in ji ta ambaci Baba da ƙarfi haka, tun yana raye.

Na lanƙwasa gwiwa.