Zabiyar Auyo

Hantsi ya ɗaga, ruwan saman da aka tashi da shi ya ɗauke, ya bar tsakar gida caɓal-caɓal. Saude tana durƙushe gaban dutsen niƙa tana niƙan dawa. Wannan ce daminarta ta farko a ƙauyen su Gwadabe mijinta, can gabas da Haɗeja ta wajen Kirikasamma. Tun da kogi ya cika ya batse, ruwa ya zagaye garin ta ko'ina, ba shiga ba fita sai da kwalekwale. Ko labarin Auyo, garin iyayenta, ba ta samun ji.

Kada wani ya ɗauka dole aka yi mata. Auren so ne, har mutane suna yi musu tsiya. Saude ce zabiyar 'yan matan unguwarsu, ita ke ba da waƙar gaɗa a dandali saura su amsa. Gwadabe kuwa bandar kifi ya kawo kasuwar Auyo, ya ji muryar nan, ya bar kwandon kifinsa a hannun ƙudaje ya bi sauti. Daga ranar ya zama ɗan Auyo ƙarfi da yaji, har aka ɗaura.

Tana niƙa, zuciyarta tana can gida. Ta tuna yadda suke faɗawa baya a gaɗa ƙawaye su cafe. Ta tuna shiga fadama cirar bado, su dawo zannuwa jiƙe a sha faɗa. Ta tuna shekarar da Turawa suka aiko da majigi, aka kafa farin ƙyalle a ƙofar gidan hakimi, jirgin ƙasa ya taho cikin ƙyallen gadan-gadan, 'yan mata suka watse da ihu, ita har da zubar da takalmi. Ta tuna garmahon wani ɗan tireda a kasuwar Kafin Hausa, da suka rantse mutane ne 'yan ƙanana a cikin akwatin. Ta yi murmushi ita kaɗai. Ba ta san lokacin da waƙar da ta shirya tun tana budurwa ta kufce daga bakinta ba:

"Ruwa ya kawo, bado ya yi fure,
Mai kwalekwale tsaya ka ɗauke ni,
Gwadabe tsaya ka ɗauke ni..."

"La'ilaha illallahu! Ke! Me kunnena ya ji?"

Iya ce, uwar Gwadabe, tsaye a ƙofar ɗakinta da buta a hannu. Saude ta saki ɗan dutsen.

"Iya, waƙar dandali ce, ta da ce — wallahi ban san ta fito ba."

"Sunan mijinki? Gatsal, da bakinki, a tsakar gidana? Ni da na ɗauki cikinsa, ɗan farina ne, tun ranar suna har yau sunan nan bai taɓa hawa harshena ba! Ke ce za ki zo daga Auyo ki rera shi har da jan murya?"

Da abin ya tsaya a cikin gida, da da sauƙi. Amma Fanna maƙwabciya tana shanya a jikin zana, ta ji komai, kuma Fanna ba ta iya riƙe magana ko da ta minti ɗaya. Kafin la'asar, matan da ke wanki a bakin ruwa suna ganin kwalekwale sai su kwashe da shewa: "Tsaya ka ɗauke ni!" Iya, wadda ake ganin girmanta a garin tun mijinta na da rai, ta ji da kunnenta. Ta dawo gida fuska a murtuke, ta sa aka kira mata su biyun.

"Kai wannan yaro, buɗe kunnenka," ta ce wa Gwadabe, ba ta ko dube shi ba. "Ranar da na sake jin waƙa daga bakin yarinyar nan a gidan nan, ta niƙa ce ko ta daka, ranar za ka sa ta cikin kwalekwalen naka ka mai da ta Auyo. In ka ƙi, ban yafe maka nonon da ka sha ba."

"Iya, ki yi haƙuri, kuskure ne..."

"Na gama magana!"

Saude ta sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan tabarma. Ta ce, "Na ji, Iya. Na ɗauki alkawari."

Washegari da azahar Gwadabe ya same ta a ɗaki tana zaune ta zuba tagumi. Ya zauna kusa da ita, ya sassauta murya.

"Saude, saurara. Bakari abokina ya ce ana ɗaukar lebura a tashar reluwe ta Nguru, ana lodin gyaɗa. In ruwa ya janye mu tafi. Can birni ne, kowane kanti da garmaho, majigi kuwa sai kin gaji da kallo. Mu kama ɗaki a layin 'yan reluwe, ki yi waƙarki son ranki, ba mai ce miki kanzil!"

Wallahi zuciyarta ta so. Ta rufe ido ta ga kanta a can, har ta ji sanyi a ƙirjinta. Can ta girgiza kai.

"Ka bar tsohuwa ita kaɗai a tsakiyar ruwa? A ce 'yar Auyo ta raba ɗa da uwarsa saboda waƙa? Ba da ni ba."

"To ki riƙa yi mini a hankali, nan cikin ɗaki. Wa zai ji?"

"Allah zai ji. Alkawari na ɗauka a gabanka."

Ya buga tafin hannu a cinya. "Muryar nan fa na bi har na aure ki! Yanzu ina da mata, amma gida shiru kamar an yi rasuwa. In na bi ki na saɓa wa Iya, in na bi Iya ina kallo kina ƙarewa. Ina zan sa kaina?"

Ya tashi ya ɗauki tarunsa ya fita.

Haka kwanaki suka yi ta tafiya. Wanda bai taɓa yin niƙa ba waƙa ba, bai san nauyin dutse ba. In waƙa ta taso mata, sai ta cusa bakin zanenta a baki ta cije. In iska ta kwaso kiɗan kalangu daga wani ƙauyen da ake biki a hayin ruwa, sai ta shige ɗaki ta toshe kunne. Ta rame, wuya ya fito. Abin da ya fi ci mata rai shi ne ranar da ta nemi baiti na biyu na wata waƙar gaɗa a zuciyarta ta rasa. Ta nema, ta nema, babu. Ta zauna ta yi kuka sosai, don ta ga ƙuruciyar tata ce ke zubewa kaɗan-kaɗan, kuma ba ta da ikon tarewa. Duk da haka ba ta taɓa ɗaga ido ta dubi Iya da tsiwa ba. Ruwan alwala, goro, tuwo a kan lokaci, ba abin da ta fasa.

Ana nan sai ruwa ya ƙaro. Wata safiya aka wayi gari yana lasar jingar da ta tsare gonakin gero na bayan gari. In ta ɓalle, abincin shekara ya tafi. Dagaci ya sa aka yi shelar gayya, duk namiji mai ƙarfi ya fita da fartanya da kwando. Mata kuma aka ce su haɗu a gidan Iya, don shi ne a kan tudu, su daka furar masu aiki.

Aka jera turame. Tun da sassafe ake daka, rana ta take, hannaye suka yi kanta. Lugude ya rikice, taɓare suna karo da juna, wannan ta ɗaga wannan ma ta ɗaga. Fanna ta jingina da taɓaryarta tana haki.

"Haba Iya! Wa ya taɓa ganin lugude ba waƙa? Ga zabiya a gida an ɗinke mata baki!"

Iya ta galla mata harara. Saude ta ci gaba da dakanta kamar ba ta ji ba.

Sai ga Gwadabe ya shigo, taɓo har ƙirji. "Iya, mutane sun fara zubewa don yunwa, ruwa kuma yana cin jingar ta gefen gabas. Ina furar?"

"Ko rabi ba a yi ba," in ji Fanna.

Iya ta dubi turame, ta dubi matan da suka yi laushi. Ta san maganin abin, amma ta janye maganarta a gaban matan gari? Ina! Sai ta ɗaure zanenta tamau, ta fizge taɓarya daga hannun wata.

"Ku ba ni wuri! Ce muku aka yi mu ba mu yi 'yan matanci ba?"

Ta buga taɓarya, ta ɗaga tsohuwar muryarta mai rawa:

"Gero ya nuna a bakin fadama,
'Yan mata, wa zai kori tsuntsu?"

Ta dakata a inda amshi zai shigo. Shiru. Matan suka dubi juna, ba wadda ta taɓa jin waƙar. Iya ta sake bugawa, ta maimaita da ƙarfi, ta sake jira. Ba abin da ake ji sai kukan kwaɗi daga bayan zana. Taɓaryar ta tsaya a hannunta. Ta bi fuskokin da kallo ɗaya bayan ɗaya, duk sa'annin 'ya'yanta ne da jikokinta.

"Zinariya ce ke amsa wannan," ta ce a hankali, kamar da kanta take magana. "Ita da Auta, da Umma 'yar gidan masunta. Duk sun tafi. Ashe ni kaɗai na rage."

Hawaye ya gangaro mata, ba ta ko share ba.

Saude ta san waƙar. Kakarta ta Auyo takan yi ta in tana kaɗi. Amshin yana nan a bakin harshenta, kuma ta san abin da zai biyo baya. Ga shaidu cike da gida, ga Gwadabe tsaye yana girgiza mata kai, idonsa na roƙonta ta yi shiru. Amma ita zabiya ce, ta san zafin ka ba da waƙa a bar ka a rataye. Da Iya ta buɗe baki karo na uku, murya na karyewa, ta kai "wa zai kori tsuntsu?", sai Saude ta ɗauka:

"Mu ne, mu ne — sai an ba mu zobe!"

Muryar ta cika gidan har ta tsallake zana. Iya ta waigo a firgice. Ta sake bayarwa, Saude ta sake amsawa, a na gaba Fanna ta shiga, sauran mata suka bi. Taɓare suka daidaita, lugude ya kama, ƙasa tana amsawa. Kafin azahar ƙoren fura suna ta fita, kuma da yardar Allah jingar ta tsaya.

Da la'asar, bayan mata sun watse, Saude ta ƙulle 'yan kayanta a zane, ta zo ta durƙusa a ƙofar ɗakin Iya. Gwadabe yana tsaye a gefe, idanunsa jawur.

"Iya, na karya alkawari a gaban mutane. Ga ni, na shirya. Abin da nake roƙo, kada ki yi fushi da shi, shi kam hana ni ya yi."

Iya ta daɗe tana kallon ƙullin kayan.

"Ina za ki?"

"Auyo, kamar yadda kika ce."

"Ke ce kika yi waƙa a gidan nan yau? Ni na yi waƙa, ke amsawa kika yi. In akwai wadda za a sa cikin kwalekwale, to ni ce!" Ta juya wajen ɗanta. "Kai kuma ka tsaya mini a ka kamar dogari, ɗauke kayan nan ka mayar mata ɗaki."

Gwadabe ya suri ƙullin yana dariya yana share ido, har yana tuntuɓe da turmi.

Iya ta kamo hannun Saude, ta ga yadda tafin ya faffashe, ta riƙe shi a cinyarta. "Ni ma da aka kawo ni gidan nan, haka uwar mijina ta rufe mini baki. Na ɗauka haka ake riƙe gida, na yi miki abin da aka yi mini. Damina guda kina shanyewa, ba ki taɓa mayar mini da magana ba. Yau kuma kin ajiye aurenki a ƙasa don kada a bar tsohuwa cikin kunya. Ki yafe mini, 'yata. Ki yi waƙarki. Sunan nan dai, shi kam a bar shi a Auyo."

"An bar shi, Iya," Saude ta ce, tana kuka tana dariya.

"To matso. Akwai wata ta cirar bado da muke yi da su Zinariya, rabinta ya ɓace mini. Bari in fara, ko Allah ya sa kakarki ta bar miki sauran."

Ta fara. Saude ta saurara, ta saurara, sai ta girgiza kai, wannan kam ba ta taɓa ji ba. Iya ta ce, "To karɓi rabin da ya rage, kada in tafi da shi."

'Yan mata da samari, ku duba ku gani. Da Saude ta bi son ranta ta ja mijinta Nguru, da ta sami garmaho ta rasa uwa. Haƙurinta da tausayinta ne suka buɗe mata bakin da aka rufe. Ku kuma iyaye, ku ji tsoron Allah cikin 'ya'yan mutane da aka kawo muku. Kowace tsohuwa ta taɓa zama budurwa a dandali, kuma wata rana za ta nemi mai amsa mata.