Ashanar Torvald

"Baba, ka mayar masa da ashanarsa!"

"Lavinia, doka doka ce."

Mahaifina Elias Pruitt shi ne magajin gari na farko a ɗan garinmu na Dakota. Shi ya kafa turken farko, shi ya kafa dokar farko: da kaka ba mai shiga ciyawa da ashana. Da safen nan ya laluba aljihun Torvald a bainar jama'a ya ƙwace kwalin ashanarsa. Torvald ɗin da ya nemi aurena har sau biyu, Baba na cewa ba zai ba mai ɗakin laka 'yarsa ba.

Shi kuwa bawan Allah murmushi kawai ya yi mini.

"Kar ki damu, abar ƙaunata. Ciyawa zan yanko in dawo."

Ya saɓa laujensa ya tafi a ƙafa.

Da tsakar rana ƙararrawar coci ta ɗauka. Na fito da ƙullin burodi a hannuna, sai na ga yamma ta yi baƙi ƙirin, zomaye na shigowa gari a guje. Gobarar daji ce ta taso.

Kowa ya nufi huɗar da aka zagaye gari da ita, riƙe da jiƙaƙƙen buhu. A nan magajin gari kan cinna wa ciyawar waje wuta, don in babbar wutar ta iso ta rasa abin ci.

"Kunna mana, ranka ya daɗe!" in ji maƙeri. "Ko sai mun gasu?"

"Baba... Torvald yana can!"

"Ba yaro ba ne. Zai ƙone gefensa ya kwanta a toka, kowa ya san..."

Ya sa hannu a aljihu, ya zaro kwalin ashanar Torvald. Ban taɓa ganin tsoro a fuskar Baba ba sai ranar.

Ya miƙo mini itacen wuta.

"Zan kai masa. Idan gobarar ta iso rafin bayan gari, ki kunna."

"Kuna waje? Ba zan iya ba!"

"Akwai jarirai a garin nan, 'yata. Ki kunna!"

Ya haye doki, hayaƙi ya haɗiye shi.

Na tsaya ina roƙon Allah ya tsayar da ita. Ba ta tsaya ba. Ta tsallake rafin tana ruri, mata suka sa ihu. Na runtse ido na cinna, ina kuka, na san da hannuna na rufe wa ubana da masoyina hanyar gida.

Gari ya tsira. Ni kam ko a jikina.

Na kutsa cikin toka mai zafi ina kiran sunayensu har muryata ta dushe. Dokin ne ya fara bayyana, shi kaɗai. Na durƙushe.

"Lavinia!"

Torvald ne, baƙi wuluk da tokar da suka kwanta a ciki, goye da Baba. Gemun da Baba ke taƙama da shi ya babbake, hannayensa duk sun tashi.

"Baba! Ka yafe mini..."

"Kin kunna a kan lokaci?"

"Na kunna."

"To kukan me?"

Ya yi tari, ya lalubo kwalin da ƙyar, ya tura a aljihun Torvald.

"Riƙe, yaro. Mijin 'yata ba ya yawo ba ashana."