Ƙuri'ar 'Yan Aji Biyar

A wata makarantar firamare a Gummi akwai wata yarinya 'yar aji biyar. Ita ce monitar ajinsu.

Malaminsu na wasanni, Malam Lauwali, yana da wani wasa a wayarsa mai suna besbol. Wani ya jefo ƙwallo, wani ya maka mata sanda ya ruga a guje. Kowane ɗan wasa yana da katinsa mai hoto. Yaran ba su taɓa ganin irinsa ba. Har suka haɗa ƙwallon tsumma, suna bugawa da karan dawa.

Ran Laraba Malam ya tara su a gindin mangwaro.

"Waɗanda suka ƙirƙiri wasan nan sun fito da sababbin katuna uku," in ji shi. "Guda ɗaya za su saka a cikin wasan. Mutanen duniya ne za su zaɓa da ƙuri'a."

Rabe ya zaro ido. "Malam, har da mu nan Gummi?"

"Har da ku. Amma wayata ƙuri'a guda gare ta. Ita ce ta ajinku."

Aka ɗaga hannu. Yawancin yara suka zaɓi wani gajere bahago mai iya jifa. Ita kuwa yarinyar wani dogo mai jar hula take so.

Sai aka aiko cewa hedimasta yana kiran Malam. Ya miƙa wa yarinyar wayar.

"Monita, danna muna bahagon. Ina zuwa."

Ta juya baya. Dogon yana murmushi, hularsa tana sheƙi. Ta ce a ranta, wa zai sani? Ta danna shi.

Da Malam ya dawo, ya ɗaga wayar don kowa ya gani. Ga tauraro, alamar ƙuri'a, a kan mai jar hula!

"Ba shi muka zaɓa ba!" Rabe ya yi ihu.

Malam bai yi faɗa ba. Ya dube ta kawai, ya sa wayar a aljihu. Ran nan ba a buga ƙwallon tsumma da ita ba. Ko ƙawarta Amira ba ta jira ta a hanya ba.

A gida ta kasa cin tuwo.

"Mi ya same ki?" Inna ta tambaya.

Ta faɗa mata komai tana kuka.

"Ɗiyata," in ji Inna, "yatsa naki ne, amma magana ta ajinku ce. Amana aka ba ki. Gobe ki je ki ba su haƙuri."

Washegari ta tsaya a gaban aji.

"Da gangan na yi. Na so kaina. Ku yafe mini."

Amira ta ce, "Ni dai na yafe." Sauran suka bi ta, har da Rabe.

Malam ya ce, "Sai Lahadi za a rufe zaɓen. Ana iya canjawa." Ya sake miƙa mata wayar.

A gaban kowa ta danna bahagon.

Sai Malam ya buɗe musu taswirar duniya a cikin wasan. Duk inda aka jefa ƙuri'a, 'yar fitila tana ƙyalli. Ga su birjik kamar taurari, har a hayin teku. Malam ya nuna wani ɗigo shi kaɗai a arewacin Najeriya.

"Wanga namu ne," in ji shi.

"Ikon Allah!" in ji Rabe a hankali. Yara suka yi ta leƙe, ba mai son ɗauke ido.

Ran Litinin Malam ya shigo yana dariya. Bahagon ne ya ci! A cikin wayar suka ga ya fito fili, ya wulwula hannun hagu, ya saki ƙwallo. Aji ya kaure da tafi. Yarinyar ta fi kowa tafawa.

Daga ranar ta gane cewa idan jama'a suka ba ka amana, abin da suka zaɓa za ka yi, ba abin da ranka yake so ba.